Magunan Ramata

Agadas, 9 ga Mayu

Zuwa ga 'yata, mai sunan uwata, a Yamai.

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki Hamidu da yara. Mu nan lafiya lau, sai zafi. Ko kuda ba ya tashi da azahar.

Za ki ce me ya sami tsohon nan yake rubuto takarda, alhali ga salula a aljihunsa. To, a salula ƙirga mini numfashi kike yi. In na yi tari ki ce huhu, in na yi hamma ki ce tansiyon, jini ya hau. Ke malamar jinya ce, kunnenki ya yi mini kaifi. A takarda kuwa ba a jin hamma. Kuma shekara shidan da na yi ina karatun boko a lakwal bai kamata su tafi a banza ba. Na ba shofer Yakubu mai motar Yamai wannan tare da cuku da dabinon Bilma, ki duba bai taɓa dabinon ba.

Maganar da kika yi ranar Juma'a, wai in rufe gida in komo wurinki, na ji. Ba zan zo ba, Uwata. Wanda ya kai miki labarin na yi gyangyaɗi a kasuwa har akuya ta sa kai a buhun dabino bai yi ƙarya ba. Amma ba ciwo ba ne, ba kuma tunani ba ne kamar yadda kike zato. Maguna ne.

Kin san su. Madam, mai fari da baƙi, da ɗanta Soja, wanda tun da aka haife shi bai kama ko ƙadangare ba. Wata bakwai ke nan da rasuwar innarki Ramata, Allah ya jiƙanta, su ta bar mini gado. Da rana suna kwance gindin randa kamar manyan ma'aikata ranar Lahadi. Sai na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ido ya fara nauyi, sannan suke buɗe aiki. Madam ta fara kuka irin na jinjiri, Soja ya amsa. Kukan nan ya kira muzuran unguwa. Ta katanga ba su iya hawowa, don fasassun kwalaben da na dasa tun kina ƙarama suna nan, sai su biyo ta rariya, ramin nan na gindin katanga da ruwan tsakar gida yake fita. Su shigo ɗaya bayan ɗaya kamar an aika musu goron gayya. Shekaranjiya wani jan muzuru ya bi ta kan ƙirjina, bai ko waiwayo ba.

Shekara arba'in ina ciniki da mutanen Bilma, ban taɓa gamuwa da wanda ba ya jin "a rage mini" ba sai mage.

Don haka in kina da magani, na maguna za ki aiko, ba nawa ba. Ni garau nake. Ki shafa mini kan yara.

Mahaifinki,
Abdou Bahago

Yamai, 16 ga Mayu

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku da ladabi, ina fatan kun tashi lafiya. Hamidu yana gaishe ku, yara sun gode da dabino. Saƙo ya iso cif.

Baba, na yi dariya da na karanta, amma dariyar ba ta daɗe ba. Gwaggo Altine ta gaya mini an gwada ku a farmasi, tansiyonku ya hau har sha takwas. Mutumin da ke da sha takwas, ba ya barci, kuma yana kwana shi kaɗai a gida, ni na san inda ake kawo shi, don ni nake karɓarsa a bakin ƙofar asibiti.

Tun da kun ce maguna ne, to mu bi ta kan maguna. Na tambayi wata abokiyar aikina da ke kiwonsu, ga abin da ta ce. Ku daina ba su abinci da asuba, ku ba su mai yawa bayan isha'i, don mage in ta ƙoshi kwanciya take yi. Kafin magariba ku samu zare ku ɗaura tsumma ku yi ta ja musu har su gaji. Da zarar zafi ya sauka ku koma ɗakinku ku rufe ƙofa, ku sa auduga a kunne. Babba a ciki kuma shi ne wannan: komai kukan da za su yi, komai yaƙushin ƙofa, kada ku tashi. In kuka tashi sau ɗaya sun gane kuka yana biya, gobe za su ƙara. Ta ce sati biyu ko uku za su haƙura.

Ni kuma ga tawa maganar, ku gafarce ni. Ina da hutu a ƙarshen damina. In na zo na tarar kuna barci, tansiyon ya sauka, ba zan sake ta da zancen Yamai ba. In na tarar da ku yadda kuke yanzu, tare za mu hau mota. Na riga na rasa ɗaya, Baba.

Ku sha maganinku kullum da safe. Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana.

'Yarku,
Sakina

Agadas, 20 ga Yuni

Uwata,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku duka. Na karɓi sharaɗinki. Ciniki ya faɗa, kuma ki rubuta ki ajiye, ni zan ci riba.

Na bi dokokin abokiyarki ɗaya bayan ɗaya. Abinci bayan isha'i: na buɗe musu gwangwanin sardin, abin da ni kaina sai baƙo ya zo nake gani. Suka lashe, suka kwanta, na ce madalla. Awa biyu suka tashi da ƙarfin sardin a jikinsu.

Zare da tsumma: na yi. Ki zana a ranki, Abdou Bahago, wanda Buzaye da Tubawa suke miƙe wa a kasuwa, yana zagaya tsakar gida da tsumma a bakin zare yana cewa "kis, kis". Soja ya bi ni sau biyu don kada in ji kunya. Madam kuwa ta zauna tana kallona irin kallon da innarki take yi mini in na dawo da yadi na ce araha na samu. Ni na gaji, su ba su gaji ba.

Sai na zauna na yi lissafi irin namu na kasuwa. In ba ka iya korar masu saye, sai ka rufe ƙofar shago. Rabin fitinar nan baƙi ne suke kawo ta, kuma hanyarsu ɗaya ce. Na samo duwatsu uku da ragowar siminti, na toshe rariya, na shafe ta sumul. Gwaggonki Altine ta shigo ta tarar da ni hannu duk siminti, ta ce, "Bahago, damina ce fa a bakin ƙofa." Na ce, "Yaya, damina a Agadas?" Ruwanmu ai sai ya yi kwana uku yana aiko sallama. Hadari ya haɗu, mu kwashe kaya, iska ta zo ta kai wa mutanen Ingal. Guduma tana bayan ƙofa. Ranar da na ga da gaske yake, bugu uku ne na buɗe.

Tun ranar ban sake ganin jan muzuru ba. Ina jin shi a waje yana zagina, wannan kuma hakkinsa ne. Saura na gida biyu. Na koma ɗaki, na sa auduga, in sun yi kuka ina kwance kamar kantun gishiri.

Ki fara shirin zuwa hutu kawai, kada ki gyara wa kowa ɗaki. Ki gaida Hamidu.

Mahaifinki,
Abdou Bahago

Agadas, Yuli

Sakina,

Ina gaishe ki, ya yara. Ni ce gwaggonki Altine. Rubutuna na yaƙi da jahilci ne, ki karanta a hankali. Ban kira ki ba don kada ki yi kuka a wurin aiki.

Ubanki ƙanena ne, tun yana rarrafe na san ƙaryarsa. Ba ya barci. Abin da bai gaya miki ba, magunan nan ba a ko'ina suke kuka ba, a ƙofar ɗakin innarki suke yi. Tare da ita suke kwana tun suna ƙanana. Ranar da aka ɗauke ta ya sa kwaɗo a ƙofar, ya ɗaura makullin a wuyansa, har yau ba wanda ya shiga. An yi sadakar arba'in na ce a fito da kayanta a raba wa mabukata yadda ake yi, ya ce sai an kwana biyu. Ga shi wata tara.

Ran Litinin na kai masa koko da sassafe. Na same shi zaune a ƙasa ya jingina da ƙofar, auduga a kunne, Madam a cinyarsa. Da ya gan ni sai ya ce kwaɗon yake dubawa ko ya yi tsatsa.

A buɗe ɗakin nan maguna su shiga su kwanta, shi ma ya kwanta. Na faɗa, ba ya jin tawa. Ke sunan uwarmu gare ki, gwada.

Allah ya yi miki albarka.
Altine

Yamai, 19 ga Yuli

Baba,

Ina gaishe ku, ina roƙon Allah ya sa wannan ta same ku cikin sauƙi.

Na san maganar ɗaki. Kada ku yi faɗa da Gwaggo, ni ya kamata in gane tun da farko. Da na zo gaisuwa na ga kwaɗon, na ɗauka na kwana bakwai ne.

Baba, ku buɗe. Ba don maguna kaɗai ba. Akwai matan da Inna take ba zane duk salla, suna nan suna jira, kunya ta hana su tambaya. Ni ma ina son abu ɗaya daga ciki, baƙin mayafinta mai aikin zare, wanda take sawa in za ta biki. Ba ni da komai nata a nan sai hoto a salula.

In ba za ku iya ku kaɗai ba, ku ba Gwaggo makullin ku tafi kasuwa, kafin ku dawo an gama. In kuma kun ƙi, to aƙalla ku cika mini ɗayan alkawarin. Ku shiga ɗakinku ku rufe, ku daina fitowa kuna zama da su. Kowace fita da kuka yi tana mai da aikin baya.

Ku yafe mini in na yi tsauri.

'Yarku,
Sakina

Agadas, 28 ga Yuli

Uwata,

Na gaishe ku. Altine ta ci amanata, amma koko take kawo mini, ba zan iya fushi da ita ba.

Bari in yi miki magana ba ciniki. Kin san turaren wuta, in aka bar kwalbarsa a buɗe sati ɗaya, sai ya zama itace kawai. Daren da innarki ta rasu ta sa an turara mata ɗaki, ta ce warin magani ya ishe ta. Da aka fita da ita na ja ƙofa. In na sa hancina a tsagar katakon, har yanzu yana nan. Kaɗan ne, amma yana nan. Su ma magunan abin da suke ji ke nan, ba hauka suke yi ba. In na buɗe, kwana nawa zai yi?

Ga tayina na ƙarshe. Ki bari sai kin zo. Mu buɗe tare, ki fara shiga, ki shaƙa, ki ɗauki mayafinki da hannunki, sannan a kira mata a raba. Wata biyu ne, ba zai gagara ba.

Ɗayan alkawarin kuma na ɗauka da gaske wannan karon. Daga yau in na rufe ƙofa ba na fitowa sai kiran salla, ko da Madam za ta kira sunana.

Mahaifinki,
Abdou

Agadas, 24 ga Agusta

Uwata,

Sallama. Na san Altine ta kira ki, kin kuma kira ni sau goma sha ɗaya ban ɗauka ba. Lafiyata lau, ko ƙwarzane babu. Ina son ki ji daga hannuna yadda aka yi.

Sati uku na riƙe alkawari. Abokiyarki ta yi gaskiya, kukan ya fara raguwa. Ran Talata da la'asar hadari ya haɗu ta gabas. Na ɗauko guduma na tsaya a kan rariya. Sai iska ta taso ta watsa shi, kamar yadda ta yi sau huɗu a watan nan. Na ce ka gani, na mai da guduma bayan ƙofa. Garin ya yi sanyi mai daɗi. Na yi isha'i, na ba su abinci, na sha maganina, na cusa auduga, na rufe ƙofa.

Na yi barci, Uwata. Barcin da kike ta nema mini, ranar ya zo. Rabona da irinsa tun innarki tana da rai.

Can cikin barcin na ji su. Ba a ƙofarta suke ba, a tawa suke, suna yaƙushi da kuka irin wanda ban taɓa ji ba. Na farka rabi. Na ce a raina, yau kuma sabuwar dabara, in na tashi na ɓata aikin sati uku. Na gyara kwanciya na juya wa ƙofa baya. Rufin ɗakina ƙasa ce mai kauri, ga auduga, ban ji ruwan ba.

Da na buɗe ƙofa da asuba, tsakar gida ta zama tafki. Ruwan duk rufin gidan nan a ciki yake zuba, kuma ba shi da hanyar fita, ni na rufe masa. Dokin ƙofata yana da tsawo, ruwan bai hau ba. Ɗakin innarki kuwa kin san shi ne mafi tsufa, kakana ya gina shi, sai an sauka taki biyu ake shiga. Can ruwan ya tafi. Ya kwana yana cin gindin bango. Ina tsaye a ruwa har gwiwa ina dukan siminti, bugu uku da na ce ya zama talatin, sai na ji wani nishi a bayana. Bangon gabas na ɗakinta ya zauna, rufin ya bi shi. Ba ƙara mai yawa. Kamar raƙumi ya durƙusa.

Ƙofar ba ta faɗi ba. Tana tsaye da kwaɗonta, babu komai a bayanta sai laka da sama.

Maƙwabta sun zo da shebur. Mun tono gadon, ya karye. Akwatunan kayanta biyu sun cika da jar laka. Altine da matan unguwa sun kwana biyu suna wanki da sabulu, abin da ya fita sun shanya a igiya. Na bi su ɗaya ɗaya ina sa hanci. Sabulu ne kawai.

Mayafinki yana ciki. Bai yage ba, amma baƙin ya zuba a kan aikin zaren.

Kada ki ce ke kika ce kada in tashi. Ke ba ki toshe rariya ba. Mutane suna ta zuwa jaje suna cewa ruwan bana ya yi ɓarna a gidaje da yawa, ni kuma ina amsawa da "haka ne", ba na gaya musu nawa da hannuna na yi.

Madam da Soja suna lafiya, a kan rumfa suka kwana. Tun ranar ba su sake kuka ba. Suna hawa tudun lakar su kwanta, har safe ba ka jin motsinsu. Gidan shiru. Ni ne dai ban runtsa ba.

Mahaifinki

Yamai, 27 ga Agusta

Baba,

Ina gaishe ku. Na gode wa Allah da ya bar mini ku.

Na karanta sau uku. Ba ni da abin cewa a kan ɗakin, in na fara ba zan gama ba. Sharaɗin da na sa muku na janye shi, bai kamata in yi ciniki da ku a kan wannan ba. In kuna son zama, Hamidu ya ce zai nemi magini a ta da bangon bayan damina. In kuna son zuwa, ƙofa a buɗe take. Ku zaɓa da kanku, ba zan ƙara matsa muku ba.

Ku ɗauki salula ko sau ɗaya, ba zan ƙirga komai ba.

'Yarku,
Sakina

Agadas, 3 ga Satumba

Uwata,

Na gaishe ku. Ki yi wa Hamidu godiya, ki ce ya bar maganar magini. In an ta da bango, sabon ɗaki ne za a samu, ni kuma ba ɗaki nake nema ba.

An raba kayan jiya. Matan sun yi mata addu'a sosai. Altine za ta dawo gidan da zama, ita za ta riƙe maguna, don na gwada sa Madam a kwando ta nuna mini ba ta zuwa ko'ina.

Zan hau motar Laraba. Ki zo tasha da kanki. In kin gan ni kada ki yi mini jaje a gaban mutane, ki karɓi jakar kawai, ki bari sai mun isa gida.

Allah ya sada mu da alheri.

Mahaifinki,
Abdou